Shin jan nauyi ne ke yanke wa sararin samaniya siffarsa?

Tambaya: Malam, ina aji uku a sashen fiziks. An koya mana cewa a ra'in Einstein jan nauyi, wato girabiti, lanƙwasar sarari ne. To in haka ne, idan mun san yawan abin da ke cikin sararin samaniya, ashe mun san siffarsa ke nan baki ɗaya, har mu faɗi ko yana da iyaka ko ba shi da ita? Kuma ina ganin ana ambaton tofoloji, ban gane inda ya bambanta da jometiri ba.

Amsa: A'a, ɗalibina, bai isa ba. Yawan abin da ke cikin sarari yana gaya maka yadda sararin ya lanƙwashe a kowane wuri. Yadda wuraren suka harhaɗu suka zama abu guda kuwa wata tambaya ce daban. Ta farkon ita ce jometiri, ta biyun tofoloji. Lissafin Einstein ta farkon yake magana a kai, ta biyun sai dai ya kafa mata shinge nan da can. Amma bari mu fara daidaita maganar lanƙwasar, don a nan mafi yawan ɗalibai ke yin tuntuɓe.

Jometirin da aka koya maka a sakandare na Yuklid ne, kuma akwai ƙa'idarsa ta biyar da ta hana masana barci kusan shekara dubu biyu. Abin da take nufi shi ne, in ka tara kusurwoyin kowace alwatika za ka sami digiri 180, ba ƙari ba ragi. Masana da yawa sun yi ƙoƙarin fitar da ita daga sauran ƙa'idojin huɗu, cikinsu har da Ibnul Haisam da Umar Khayyam da Nasiruddin Ɗusi, amma abin ya faskara. Dalilin bai fito fili ba sai da Lobachevsky a Rasha a 1829 da Bolyai a Hangari a 1832 suka nuna cewa ana iya gina jometiri lafiyayye wanda wannan ƙa'ida ba ta aiki a cikinsa. Tun daga nan tambayar "wane jometiri sararinmu ke bi?" ta bar hannun masu hujjar alli da allo, ta koma hannun masu awo.

Gauss ya riga ya ba da makamin awon a 1827. Ya nuna cewa wanda ke zaune a kan wani shimfiɗaɗɗen abu zai iya gane lanƙwasarsa ba tare da ya fita waje ya hango shi ba. Ka tashi daga ƙuryar arewa ta duniya ka miƙe kudu har ikwaita, ka juya ka bi ikwaita rubu'in zagayenta, ka sake juyawa ka koma arewa. Ka zana alwatika mai kusurwa uku, kowace digiri 90, jimilla 270. Wannan rarar ta digiri 90 ita ce shaidar lanƙwasa. Yanzu ka zana alwatika a takarda, ka naɗe takardar ta zama bututu. Kusurwoyin suna nan 180, tsawon layukan bai canza ba. A idonka takardar ta lanƙwashe, a lissafin Gauss kuwa miƙaƙƙiya ce sarai. Ka riƙe wannan takardar, za mu buƙace ta nan gaba. Riemann, ɗalibin Gauss, shi ya faɗaɗa wannan tunani a 1854 zuwa sarari mai fuska uku, huɗu, ko nawa ma.

Me ya haɗa wannan da faɗuwar dutse? Tun zamanin Galileo an san cewa in ba iska, abu mai nauyi da marar nauyi tare suke faɗuwa. A 1907 Einstein ya ɗauki wannan da muhimmancin da ba wanda ya ba shi a baya. Idan hanyar da abu ke bi yayin faɗuwa ba ta damu da nauyinsa ko irin abin da aka yi shi da shi ba, to hanyar mallakar wurin ce. Mai faɗuwa ba ya jin nauyin jikinsa, don ba abin da ke tura shi: yana bin hanya mafi miƙewa da wurin ya tanada. Kai da ke zaune a kujera kai ne ake turawa, kujerar ce ke hana ka bin hanyarka. Sai dai akwai abin da faɗuwa ba ta iya shafewa. Ka saki duwatsu biyu gefe da gefe daga sama mai nisa, za su riƙa matsowa kusa da juna, don kowanne ya nufi tsakiyar duniya. Ka sake su ɗaya bisa ɗaya, tazararsu za ta riƙa ƙaruwa. Hanyoyi biyu miƙaƙƙu da suka fara a jere amma suka ƙi zama a jere, wannan shi ne ainihin ma'anar lanƙwasa a lissafin Riemann. Abokinsa Marcel Grossmann ne ya nuna masa wannan lissafi, kuma a Nuwamban 1915 ya kammala ra'in.

Na san ka ga hoton nan na shimfiɗaɗɗen ƙyalle da aka ɗora wa ƙwallo mai nauyi a tsakiya. Ni ba na son sa a aji. Na farko, jan nauyin duniya ne ke jan ƙwallon ƙasa, ka ga an bayyana abu da kansa. Na biyu, wanda ya fi muni, ya ɓoye lokaci, alhali kusan duk nauyin da kake ji a jikinka daga lanƙwasar lokaci yake. Agogon da ke ƙasa ya fi na sama jinkiri. Agogunan taurarin GPS suna gaba da namu da kusan kashi 45 cikin miliyan na sakan a rana saboda tsayin da suke, gudunsu kuma yana rage musu kusan 7, saura 38. Da ba a gyara wannan ba, da wurin da wayarka ke nuna maka zai riƙa kaucewa da kusan kilomita 10 kowace rana. Lanƙwasar sarari zalla kuwa a nan duniya ƙanƙanuwa ce ƙwarai: in ka auna faɗin fuskar duniya ka lissafo nisan tsakiyarta da dokar Yuklid, sannan ka auna nisan kai tsaye, za ka tarar da rarar kusan milimita ɗaya da rabi cikin kilomita 6,371. A ƙwallon rana kuwa rarar kusan rabin kilomita ce.

Abin da ya sa lokaci ya rinjaya shi ne saurinmu kaɗan ne. Dutsen da ka jefa yana tafiyar 'yan mitoci cikin sakan guda, amma sakan ɗin kansa, in ka mayar da shi tsawo da gudun haske, kilomita 300,000 ne. Tafiyar dutsen kusan duka ta fuskar lokaci take. Haske ne ke cin sarari da lokaci daidai wa daida, shi ya sa yake jin lanƙwasar biyun. In ka yi lissafi da ta lokaci kaɗai, hasken tauraron da ya gifta gefen rana zai karkace da sakan 0.87 na kusurwa, wato kashi 0.87 cikin 3,600 na digiri. In ka haɗa da ta sarari, sai ya ninka ya zama 1.75. Wannan aka je aunawa lokacin husufin rana na 29 ga Mayun 1919, tawagar Eddington a tsibirin Principe da ke Tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya, wata tawagar kuma a Sobral ta Birazil. Awon ya goyi bayan adadi na biyu, kuma awon da aka yi daga baya da na'urorin rediyo ya tabbatar da shi da daidaito mai tsanani.

To yanzu ga zuciyar tambayarka. Lissafin Einstein na unguwa ne. A kowane ɗigo yana cewa lanƙwasar nan tana daidai da makamashi da matsin da ke nan. Ko a jometirin ma bai ƙulle duka ba. Cikakkiyar lanƙwasa a sarari da lokaci mai fuska huɗu tana da adadi 20 a kowane ɗigo, 10 ne kawai abin da ke wurin yake yankewa kai tsaye. Sauran 10 suna iya kasancewa ko a inda babu komai, har su yi tafiya kamar igiyar ruwa. Irinsu na'urorin LIGO suka kama a 14 ga Satumban 2015, daga haɗuwar baƙaƙen ramuka biyu, wato wuraren da ko haske ba ya iya kuɓuta daga jan nauyinsu, masu ninkin nauyin rana kusan 36 da 29, a nisan tafiyar haske ta shekara fiye da biliyan guda. In lissafin bai gama yanke lanƙwasar ba sai an ƙara masa bayanin yadda aka fara, ina ga siffar sararin dungurungum?

Tofoloji yana duba abin da ba ya canzawa in ka ja abu ko ka matse shi, muddin ba ka yaga ba, ba ka kuma liƙa ba. Ba ruwansa da tsawo ko kusurwa. Tambayoyinsa su ne: akwai huda? Nawa? In ka yi madauki da zare a cikin wurin, za ka iya tsuke shi ya zama ɗigo, ko zai maƙale? Komo kan takardarka. A shimfiɗe, kowane madauki yana tsukewa. Da ka liƙa gefe da gefe ta zama bututu, madaukin da ya zagaye bututun ba ya tsukewa, ga shi kuma jometirin bai canza ko kaɗan ba. Ka haɗa bakin bututun biyu, ka sami siffar gammo. Gammon da za ka yi da hannu dole ya tattare ta ciki, amma wannan matsalar cusa shi cikin sararinmu ce. A lissafi doka kawai ake kafawa: wanda ya fita ta gabas ya shigo ta yamma, wanda ya fita ta arewa ya shigo ta kudu. Ka ƙara cewa wanda ya fita ta sama ya ɓullo ta ƙasa, ka sami gammo mai fuska uku. Miƙaƙƙe ne a ko'ina, kowace alwatika 180, ba bango ba gefe, amma girmansa ƙididdigagge ne. Ka saka shi cikin lissafin Einstein, amsar da za ta fito ita ce dai wadda miƙaƙƙen sarari marar iyaka zai bayar, ɗigo bayan ɗigo. Masana lissafi sun ƙirga: miƙaƙƙen sarari mai fuska uku yana da siffa iri 18, 10 daga ciki masu ƙididdigaggen girma ne.

Don haka jadawalin da ke cikin littattafai da yawa, mai cewa in yawan abu ya haura wani ma'auni sarari rufaffe ne, in ya yi daidai ko ya gaza sarari ba shi da iyaka, layinsa na farko ne kawai ke tsaye da ƙafarsa. Sauran biyun an ɗauka ne a ɓoye cewa tofolojin shi ne mafi sauƙi. Abin haushin, Friedmann, wanda ya fitar da lissafin faɗaɗar sararin samaniya a 1922 da 1924, shi da kansa ya yi gargaɗi cewa sanin lanƙwasa bai isa a yanke hukuncin iyaka ba. Karl Schwarzschild ma ya taɓo yiwuwar sarari mai maimaita kansa tun 1900, kafin ra'in Einstein ya zo. Sarari mai lanƙwasar da kusurwoyin alwatika ke gaza 180 shi ma yana da rufaffun siffofi, kuma yawansu ba shi da iyaka.

Kada ka ɗauka biyun ba su san juna ba. A fuska biyu akwai dokar Gauss da Bonnet: ka tara lanƙwasar rufaffen abu baki ɗaya, jimillar tofolojinsa ne ke yanke ta. Ta ƙwallo 4π ce, ko ka lotsa shi ko ka miƙar da shi kamar ƙwai. Ta gammo sifili ce. Shi ya sa ba za a taɓa zana taswirar duniya a takarda ba tare da an ɓata wani wuri ba. Akwai kuma dokar Myers ta 1941: in lanƙwasar irin ta ƙwallo ce a ko'ina, ba ta kuma sauka ƙasa da wani adadi, dole sararin ya rufe. Wannan ce ta tsayar da layin farko na jadawalin nan. Ko a nan ma ba a ce lallai ƙwallo mai fuska uku ba ne, akwai 'yan'uwansa da yawa masu lanƙwasa iri ɗaya.

Inda jan nauyi ya fi sa wa tofoloji takunkumi shi ne wajen baƙaƙen ramuka, kuma a ganina nan ne mafi daɗin fannin. Kafin 1965 masana da dama suna zaton maƙurar da ke tsakiyar baƙin rami, inda lissafi ke tsinkewa, ta samo asali ne daga ɗaukar tauraro a matsayin cikakken ƙwallo, tauraron gaske mai ɗan karkace zai kauce mata. Roger Penrose ya rusa wannan zato ba tare da ya warware lissafin Einstein ba. Ya nuna cewa da zarar an sami rufaffen fili wanda hatta hasken da aka harba waje yake matsewa ciki, to hanyoyin hasken nan za su tattaru su zama wani abu rufaffe, abin da ba zai yiwu a shimfiɗa shi a kan buɗaɗɗen sarari ba. Mafita ɗaya ce: wata hanyar haske ta yanke. Hujja ce ta tofoloji, kuma a kanta aka ba shi kyautar Nobel ta 2020. A 1972 Hawking ya nuna cewa bakin baƙin rami da ya natsu dole ya zama da tofolojin ƙwallo, ba zai zama gammo ba. Wannan hukuncin na fuska huɗu ne. A 2002 Emparan da Reall sun samo baƙin rami mai siffar zobe a lissafin sarari da lokaci mai fuska biyar.

Haka batun ramin ratse, wanda ake cewa zai haɗa wurare biyu masu nisa. Einstein da Rosen sun gano irin wannan gada a cikin lissafi a 1935, amma Fuller da Wheeler sun nuna a 1962 cewa tana tsukewa kafin ko haske ya ƙetare. Morris da Thorne sun bincika a 1988 abin da zai riƙe ta a buɗe, suka tarar sai da abu mai makamashin da ya gaza sifili a idon hasken da ke ratsawa. A 1993 Friedman (ba Friedmann na baya ba) da Schleich da Witt suka mayar da wannan doka ta gaba ɗaya: muddin makamashi na ƙwarai ne, wato bai gaza sifili ba, duk wata huda da ke cikin keɓantaccen yanki na sarari za ta rufe kafin wani ya bi ta ya fito ya ba da labari. Geroch kuma tun 1967 ya nuna cewa rufaffen sarari ba zai sauya tofolojinsa sumul ba, sai dai a sami hanyar komawa lokacin da ya wuce, ko kuma sararin ya yage. Ka lura cewa yawancin waɗannan hukunce-hukunce sun jingina da sharaɗin makamashi, kuma ka'idar ƙwantam, wato fiziks ɗin ƙananan ƙwayoyin zarra, tana iya karya sharaɗin kaɗan a ƙananan wurare. Wheeler ya yi hasashen cewa a ma'aunin Planck, kusan mita 1.6 × 10⁻³⁵, tofoloji kansa yana tafasa kamar kumfa. Hasashe ne har yau, ba gwajin da ya kai kusa da can.

Tunda lissafi ya ƙi faɗa, sai a ɗaga kai a duba. Mafi tsufan hasken da muke gani ya taso ne lokacin da sararin samaniya ke da shekara kusan 380,000, yau ga shi yana da biliyan 13.8. A cikin hasken akwai tabo-tabo na ɗumi da sanyi waɗanda fiziks ya san ainihin girmansu. Girman tabon da nisansa daga gare mu sun ba ka doguwar alwatika, kusurwar da tabon ya cika a sama ita ce awon Gauss. Miƙaƙƙen sarari yana ba da kusan digiri ɗaya, kuma haka na'urar BOOMERanG da aka ɗaga da balan-balan a Antatika ta nuna a sakamakonta na 2000. Sakamakon tauraron Planck na 2018, haɗe da awon rarrabuwar tarin taurari, ya sa gudummawar lanƙwasa ba ta wuce kusan kashi 0.2 cikin ɗari ba, ta kowane ɓangare na sifili. Ka kula da "ta kowane ɓangare". Awo ba ya taɓa ba da sifili cif, don haka ko ƙwallo mai girman gaske bai fita daga lissafi ba.

Tofoloji kuwa da maimaici ake farautarsa. In sarari ya naɗe ya haɗu da kansa, kuma zagayensa bai kai faɗin abin da muke hangowa ba, haske daga wuri guda zai iso mana ta hanyoyi biyu. Cornish da Spergel da Starkman suka nuna a 1998 yadda alamar za ta kasance: da'irori biyu a sassa daban na sama, masu jerin ɗumi da sanyi iri ɗaya. A 2003 Luminet da abokan aikinsa suka kawo shawarar cewa sararinmu rufaffe ne mai fuskoki 12 masu kusurwa biyar-biyar, kowace fuska tana liƙe da ta bayanta bayan an murɗa ta digiri 36. Dalilinsu shi ne manyan tabon hasken nan sun yi rauni fiye da yadda aka zata, kamar dai sararin bai isa ya ɗauki dogayen igiyoyi ba. Ina girmama wannan aiki domin ya faɗi abin da za a gani in gaskiya ne: da'irori shida da takwarorinsu. Aka nema a bayanan tauraron WMAP, wanda ya auna tsohon hasken nan, daga baya a na Planck, ba a sami abin da ya gamsar ba.

Abin da rashin da'irorin ya tabbatar shi ne, madauki mafi gajarta da ya bi ta inda muke ya dawo bai gaza kusan tafiyar haske ta shekara biliyan 90 ba, wato kusan faɗin ƙwallon tsohon hasken nan. Bai ce babu madaukin ba. A 2024 ƙungiyar masu bincike ta COMPACT ta nuna cewa siffofi da yawa, musamman waɗanda ake murɗa fuska kafin a liƙa ta, suna nan ba a kore su ba, kuma ko madaukin ya ɗan zarce abin da muke hangowa zai iya barin sawu a yadda tabon sassa daban na sama suke dangantaka da juna. Tsohon hasken hoto ne na fuskar ƙwallo guda kawai. Taswirar tarin taurari mai zurfi, irin wadda na'urar Euclid ta Turai da aka harba a 2023 take tattarawa, tana ɗauke da bayanin cikin ƙwallon, kuma can ne masu wannan farauta suka mayar da hankali yanzu.